3.2 Ma'ana da Asalin Sunan Farji a Hausa da Wasu Harsuna

A wannan sashe za a dubi kalmomin da ake kiran gaɓar haihuwa ta mace da su, domin a gano inda kowacce ta fito da abin da take nufi tun asali. Za a fara da kalmar Turawa, kasancewar ita likita ke rubutawa a katin asibiti, sannan ta Larabawa, kafin a dawo kan Hausar da ake ji a Ajingi da ƙauyukanta. Akwai kalmomin da za a ambata waɗanda kunne ba zai so ji ba. Ana neman afuwa, domin nazarin harshe ba ya yiwuwa sai an kira abu da sunansa.

3.2.1 Kalmar Turawa

Kalmar “vagina” ta Latin ce, wato harshen Rumawan da, kuma ma'anarta a can ita ce kube, irin wanda ake mayar da takobi ko wuƙa a ciki. Rumawa ba su ɗauke ta sunan wata gaɓa ta jikin mace ba. Masana ilimin sassan jiki na ƙasar Italiya ne suka ba ta wannan aiki a ƙarni na 16, kuma wanda aka fi danganta abin da shi shi ne Gabriele Falloppio, malami a Jami'ar Padua, a littafinsa na shekarar 1561. Daga nan ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 17, Faransanci kuma ya mayar da ita “vagin”. Jamusawa sun fassara ta da kalmarsu ta gida, “Scheide”, wadda ita ma kube take nufi. Wani abin ban sha'awa shi ne, sunan “vanilla”, abin ƙamshin nan da ake sa wa kek, daga wannan tushe ya fito ta hanyar Sifaniyanci, saboda kwanson 'ya'yan tsiron ya yi kama da ɗan ƙaramin kube.

Idan aka lura, kube ba ya da wani amfani sai don takobi. Ke nan waɗanda suka raɗa sunan sun kalli gaɓar ne ta fuskar namiji, ba ta fuskar haihuwa ko jinin al'ada ba. Girkawa sun yi amfani da “kolpos”, wato lungu ko ninki, mutanen Indiya kuwa a harshen Sanskrit suka ce “yoni”, ma'ana tushe ko mafari.

3.2.2 Kalmar Larabawa

Farji ararriyar kalma ce daga Larabci, “farj”. Tushenta yana nufin buɗewa ko tsaga tsakanin abubuwa biyu, kuma daga gare shi ne aka sami “faraj”, wato buɗi bayan ƙunci. A Suratu Ƙaf, aya ta 6, jam'in kalmar ya zo da ma'anar tsaga a jikin sama. A Suratun Nur kuwa, aya ta 30 da ta 31, an yi amfani da ita wajen yi wa maza umarni, aka sake amfani da ita wajen yi wa mata. Wannan ya nuna cewa a Larabci kalmar ta haɗa gaban namiji da na mace, kuma ita kanta sakaya ce.

Hanyar da ta bi ta shigo Hausa ba ɓoyayyiya ba ce. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ba sa wuce babin tsarki da wanka da haila ba tare da ambaton ta ba. Malami yana fassara wa ɗalibi, sai ya bar kalmar yadda take, ya ƙara mata wasalin “i” a ƙarshe, domin galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Amma da ta zauna a Hausa sai ma'anarta ta tsuke, ta koma ta mace kaɗai. Namiji aka ba shi “azzakari”, ita ma daga Larabci. Tare da su aka aro “al'aura”, wadda ta fi su faɗi, domin tana nufin duk inda shari'a ta ce a rufe, da kuma “dubura”.

3.2.3 Kalmomin Hausa kamar yadda ake jin su a Ajingi

Hausa tana da kalmominta na asali, kamar “duri” da “gato”, kuma Bargery (1934) da Abraham (1949) ba su ƙi shigar da irin waɗannan kalmomi a ƙamusoshinsu ba. Sai dai a bakin jama'a sun koma batsa. Ba a jin su sai a wurin ashar, ko faɗan tasha, ko bakin wanda ake cewa ba shi da ta-ido. Yaron da ya furta ɗaya daga ciki a gaban manya, bakinsa zai sha mari.

Karin harshe ma yana da hannu a lamarin. A ƙasar Kano, har da Gaya da Ajingi, mutum zai ce ya zauna a gindin bishiya ba wanda zai ɗaga kai, amma “gutsu” zagi ne. Basakkwace kuwa “gutsun icce” zai ce hankalinsa kwance, “gindi” ce ke yi masa nauyi. Asalin kalmomin biyu ɗaya ne a ma'ana, wato ƙasan abu ko tushensa. Abin da ya mayar da ɗaya batsa a nan, ɗaya a can, al'adar wurin ce kurum.

Mai wannan bincike ta taso a Ajingi, kuma abin da ta fi ji a bakin mata, a cikin gari da wurare irin su Balare da Toranke, shi ne sakaya. Wadda ta fi yawa ita ce “gaba”. Akan kuma ce “ƙasa”, ko “wajen”, ko “jikina”, a bar mai sauraro ya gane da kansa. Mai yiwuwa ne fiƙihu ya ƙarfafa amfani da “gaba”, tun da malaman fiƙihu suna cewa “ƙubul” da “dubur”, wato gaba da baya. Zaman tare da Fulani, waɗanda aka san su da tsananin kunya, bai rage wa wannan ɗabi'a ƙarfi a yankin ba. Ita “farji” kuwa ta zama kalmar malamai. Ana jin ta a wa'azi da makarantar Islamiyya da shirin lafiya na rediyo, amma da wuya uwa ta faɗe ta ga 'yarta.

Matsalar da ke tattare da sakaya ita ce rashin tantancewa. Kalmar “gaba” tana nufin ƙirji, kamar a “gabana ya faɗi”, tana nufin abin da ke tafe, tana kuma nufin al'aurar namiji da ta mace. Macen da ta ce wa ma'aikacin asibiti gabanta na ciwo ba ta faɗa masa ko fatar waje ce, ko hanyar ciki, ko mafitsara, ko bakin mahaifa ba. Idan namiji ne, ga shi kuma mijinta ko surukarta na tsaye, to ƙarin bayani ya yi wuya. Ko “farji” ɗin ma ta haɗa waje da ciki, alhali likitoci suna da suna daban ga kowanne, domin cututtukansu da maganinsu sun bambanta.

Sunayen cututtuka sun bi wannan sawu. Lalurar da ke samun mace bayan doguwar naƙuda, inda ƙofa ke buɗewa tsakanin mafitsara da farji, sunanta na likitanci ya ambaci gaɓoɓin biyu, amma Bahaushe ya ce “yoyon fitsari”, ya kira alamar ya bar wurin. Haka ake kiran ta har a cibiyoyin da ke ɗinke ta, kamar ta Asibitin Murtala a Kano da ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya daɗe yana aiki. “Yankan gishiri”, wato tsagar da wanzami ko ungozoma ke yi a cikin farji, wadda ita ma tana iya jawo yoyon fitsari, ba wanda zai ji sunan ya san inda aska ke sauka. “Ciwon sanyi” kuwa ya haɗiye cututtuka da dama masu sababi daban-daban, shi ya sa mace kan daɗe tana shan jiƙo ɗaya a kan ciwon da ba nasa ba.

A ra'ayin mai bincike, “farji” ce ta fi dacewa da rubutun kiwon lafiya da koyarwa, tun da bakin malamai ya riga ya wanke ta, dattijo ba zai tashi daga wurin don an faɗe ta ba. Inda ake bukatar bambancewa sai a ce “bakin farji” ga na waje, “cikin farji” ga hanyar da jariri ke bi, kamar yadda aka riga aka saba da “bakin mahaifa”.