Hamshetu Maiga, ƴar Mali wadda ta ci abinci da ƙwallon kwando

Jama'a, akwai wani wasan balo da ake yi da hannu, ba da ƙafa ba. Sunansa ƙwallon kwando, wasu su ce basket. Mutum biyar ke nan, biyar ke can. Ana rataye kwando marar gindi a bisa, tsawon mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Ɓangaren da ya fi tara maki ta hanyar jefa balo cikin kwando shi ya ci. Ga labarin wata mace da ta mai da wannan wasa sana'arta.

An haifi Hamshetu Maiga a Bamako, babban birnin Mali, cikin shekarar 1978. Doguwa ce, ta kai mita 1 da santimita 85. Wasan ne ya kai ta Amurka, jami'ar Old Dominion, a birnin Norfok. A can ba a raba wasa da karatu. Ɗalibar da ta faɗi jarrabawa, sai a hana ta shiga fili, komai gwanintarta.

A 2002 ta gama. Kowace shekara manyan ƙungiyoyin mata na Amurka, masu gasar da ake kira WNBA, suna zama su zaɓi ƴan wasa bi da bi. Hamshetu ce ta 12 da aka kira. Ƙungiyar Monarchs ta birnin Sakaramento ta ɗauke ta. An fi saninta da tsaro, wato hana abokiyar gaba sakat. Aiki ne mai gajiya, kuma ba a cika tafa wa mai yinsa ba. Amma da irinsa ƙungiyar ta ci kofin Amurka a 2005.

Gasar Amurka gajera ce, tana faɗowa daidai da watannin damina. In ta ƙare, albashi ya tsaya. Shi ya sa Hamshetu, kamar sauran ƴan uwanta, takan ɗaure kaya ta tafi Turai ta yi wasa, har da ƙasar Faransa. Cin rani ke nan, sai dai a jirgin sama. Jiki kuwa ba ya samun hutu.

Babbar ranarta ta zo a 2007. An yi gasar matan Afirka a ƙasar Senegal. Su matan Senegal sun daɗe suna riƙe da wannan wasa, kofi bisa kofi. Mali ba ta taɓa ci ba ko sau ɗaya. Sai ga su sun haɗu a wasan ƙarshe, a Dakar, gaban jama'ar masu gida. Mali ta kayar da su. Aka ce Hamshetu ce gwanar gasar duka. Wannan nasara ta kai matan Mali wasannin Olimpik na 2008 a Bejin, ƙasar Sin. A can kam ba su ji da daɗi ba: wasa biyar suka yi, duka aka cinye su. A 2009, a Madagaska, Senegal ta rama, ta karɓe kofinta a hannunsu.

Sana'ar ba ta da tabbas. Hamshetu ta koma ƙungiyar Comets ta birnin Histon a 2007. Ƙarshen 2008 aka rufe ƙungiyar, don ba a sami mai sayenta ba. Ta komo Sakaramento a 2009. Kafin shekarar ta fita, masu ƙungiyar suka janye hannu, ita ma aka rufe ta. Sau biyu cikin shekara guda wurin aikinta ya watse, ba da laifinta ba.

Ba ta zauna ba. A 2010 ƙungiyar Lynx ta jihar Minesota ta ɗauke ta. A nan ta yi wasanninta na ƙarshe a gasar Amurka.