'Yan feshi a fadama: wa ke kula da lafiyarsu?

Da zarar rani ya kama, aiki ba ya yankewa a fadamun Goronyo da Wurno da Rabah. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, duk suna son feshi, kuma galibi matasa ne 'yan ƙwadago ke goya tankin a baya. Ka duba su da kyau: silifas a ƙafa, riga mai gajeren hannu, babu takunkumi, babu safar hannu. Idan bakin feshin ya toshe, wani ma da bakinsa zai hura shi.

Abin da ke cikin tankin nan ba wasa ba ne. Maganin ciyawa na Paraquat, idan ya shiga jiki, huhu yake lalatawa, kuma ba shi da makari. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga Janairun 2024. Magungunan ƙwari irin su Dichlorvos, wanda muka fi sani da Sniper, suna ratsa fata su kawo jiri, amai, dalalar miyau da wahalar numfashi. Maganar a sha nono ko manja bayan feshi wai don a kashe guba? Don Allah a bar ta, ba ya kashe komai. Hasali ma yana ɓata lokacin da ya kamata a yi asibiti.

Doka kuwa ba ta iso fadama ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma dokar ta cire masu aikin lokaci-lokaci irin na noma. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da NSITF ke kula da ita, to amma wanda aka ɗauka da baki a bakin gona, wa ya yi masa rajista?

Ni dai a ganina, kayan kariya nauyin mai gona ne, kamar yadda kuɗin maganin ke wuyansa. Kai kuma mai feshi, ka sa maganar takalmin roba da takunkumi cikin ciniki tun farko. Yi feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya, iska na bayanka, ka yi wanka da sabulu kafin ka taɓa abinci. In wani ya faɗi a gona, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a kai shi asibiti tare da robar maganin don likita ya ga sunansa.