Daga gidan yarin Gusau zuwa Rawayya: wa zai tarbi wanda ya fito?

Ranar da gandiroba ya buɗe wa mutum ƙofar gidan yarin Gusau, abin da yake riƙe da shi bai wuce leda ɗaya ba. Idan ɗan Rawayya ne, ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, sai ya roƙi kuɗin mota kafin ya ga gida. Ya isa, a yi masa barka da arziki, a ci tuwo. Kwana uku, idan ya zauna a majalisa, sai ya ga kowa na mayar da wayarsa aljihu. Mai shagon da ya koya masa ɗinki ya ce gurbi ya cike. Gidan da ya nemi aure sun ba wani.

A nan ake komawa gidan jiya. Ga gona ta gagara saboda 'yan bindiga, ga daji yana neman matasan da gari ya ƙi.

A takarda kam an yi gyara. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ta kuma tanadi hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar yi wa jama'a aiki. A 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa nasu gidajen. A Nuwambar shekarar, ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe. Amma har yau kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke. Yaron da aka kama kan buhun masara yana kwana ɗaki ɗaya da gogaggen ɓarawo, ya fito da ilimin da bai shiga da shi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana hannunmu. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Keken ɗinki ɗaya, ko jarin sayar da hatsi, bai kai kuɗin ciyar da fursuna shekara guda ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Don haka ina kira ga limamai da masu unguwanni na Rawayya, Tsafe da Gusau: duk wanda ya fito, a nema masa uban gida a kasuwa tun makon farko, kuma mai unguwa ya tsaya masa.