Yadda Ake Farfaɗo Da Tsohuwar Fijo

Mota ƙirar Peugeot 504, wadda ake kira Fijo, ta daɗe tana kai hatsi kasuwa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana harhaɗa ta. Yanzu an daina ƙera ta, sai dai gyara.

Idan ƙarfinta ya ragu, makanikai kan nemo kayan gwanjo daga motocin da suka mutu. Ana samun su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Akan ciro kafireto ko lagireto, wani lokaci ma inji sukutum. Injin Fijo 505 mai lita 2 yana shiga 504, kuma ya fi ƙaramin inji jan kaya.

Amma araha ba ta ado. Ya kamata mai mota ya je kasuwa da makanikinsa, ya riƙe tsohon kayan don a gwada. A duba ko akwai tsagewa. A duba baƙin mai. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga injin, kada a saya.

Akwai kayan da ba a sayen gwanjonsu. Gasket da zoben fistin da takalmin birki, sababbi ake sawa.

In an ƙara wa inji ƙarfi, dole a gyara birki. Motar da ke gudu ba ta tsayawa, rayukan fasinja take wasa da su.