'Yar Aiken da ke Cikin Wayarki

Wani dare cikin damina, wata uwa ta same ni a ɗakin yara da ɗanta a goye, jikinsa kamar wuta. Ta tura wa mai kemis naira 8,000 kuɗin allurar da likita ya rubuta. Wayarta ta nuna an cire, shi kuma ya rantse bai ga ko kwabo ba. Ta ce, "Sista, in sake turawa?" Na ce, "A'a, baiwar Allah, dakata tukuna."

A gidajenmu na Bagwai mun san aike. Ki ba yarinya kuɗi ta sayo manja, ita ta san hanya, ta san mai shago, ta san yadda za ta yi masa magana. Manhajar kuɗi da ke wayarki, ko lambar da ake dannawa da tauraro a ƙaramar waya, aikinta ke nan. Kowane banki da nasa tsarin kwamfuta, ita ce ke ɗaukar maganarki ta juya ta yadda kowannensu zai gane.

Idan bankinki daban da na wanda za ki biya, sai saƙon ya bi ta NIBSS, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da bankuna suka mallaka, wanda ya fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Kina rubuta lambobi 10 na asusu, 'yar aiken ta je ta tambayo sunan mai shi. Shi ya sa suna ke fito miki. Daga nan bankinki ya cire, NIBSS ya miƙa, bankin can ya zuba. Ƙofa uku ke nan, kuma saƙo kan maƙale a ta ƙarshe. Duk wadda ta sayi shinkafar Watari da tiransifa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ta ɗanɗana wannan.

Tana da wayo, ban musa ba. Tana riƙe sunayen waɗanda kika saba tura wa, wasu ma sukan tsayar da ke da tambayoyi idan aka buɗe asusunki a baƙuwar waya. Amma ba ta san hali ba. Idan kika tabbatar da sunan ɗan damfara, za ta kai masa cikin ladabi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne matan da ke faɗa wa mai POS lambar sirrinsu da ƙarfi, layi cike da mutane.

Saboda haka ki karanta sunan kafin ki danna. Idan an cire bai je ba, kada ki sake turawa. Buɗe rasit, ki nemi doguwar lambar nan mai lambobi 30 da aka rubuta Session ID a gefenta, ki ɗauki hotonta. Da ita banki ke bin sawun kuɗin. In kuwa a na'urar POS aka cire ta kati, tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna awa 72 su mayar.

A daren nan hoton rasit muka kai wa mai kemis, na tsaya mata, ya ba da allurar. Bayan sallar asuba ya aiko yaronsa ya ce kuɗi sun shigo. Zuwa lokacin zazzaɓin ya sauka, yaron har ya karɓi nono.