Tsofaffin Kayan Kwalliya: Illolinsu da Lokacin Sauya Su

1.0 Gabatarwa

Kalmar "kwalliya" ta samo asali ne daga "kwalli", wanda yake cikin daɗaɗɗun kayan adon Bahaushe. A yau kalmar ta tattaro hoda da jambaki da jagira da maskara da man shafawa. A ƙauyuka irin su Wurogauri, da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo, mace takan mallaki mafi yawan waɗannan kaya ne a lefe. Da yake sukan zo da yawa a lokaci guda, sai ta adana su a akwati, tana lallaɓa su har shekara uku ko huɗu. Wannan tattali abin yabo ne, sai dai kayan kwalliya suna da wa'adi kamar abinci da magani.

2.0 Yadda Kayan Suke Lalacewa

Duk kayan da ke da danshi, kamar maskara da man shafawa, akan sa musu sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta da funfuna yaɗuwa. Daga ranar da aka buɗe murfi, ƙarfin sinadarin yakan fara raguwa, yayin da yatsa da soso da ƙura suke shigar da ƙwayoyin. Zafi yana gaggauta lalacewar, ga shi kuwa a Jihar Kebbi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ko man kaɗanya, da ba a sarrafa shi a masana'anta ba, yakan sauya wari idan ya daɗe a ɗaki mai zafi.

3.0 Illoli

Ido ne ya fi shan wahala. Tsohuwar maskara takan haddasa hazbiya da jan ido, wani lokacin har da gyambon da kan raunana gani. A fata kuwa, akan samu ƙuraje da ƙaiƙayi da kumburi. Aro yana ƙara tsananta lamarin: ranar kamu ko ɗaurin aure, tsinken kwalli ɗaya yakan zaga idanun ƙawayen amarya kaf, alhali apolo da amosanin ido duk ta hanyar ruwan ido suke yaɗuwa.

Shi kwalli dutse ne, tsufa ba ya ɓata shi, amma yana da tasa matsalar, domin mafi yawansa yana ɗauke da dalma. A shekarar 2011, likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Wannan guba tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro, don haka sabon kwalli ma bai dace da idon jariri ba.

4.0 Lokacin Sauyawa

Daga ranar buɗewa, masana suna ba da shawara kamar haka:

i. Maskara: wata 3.
ii. Hodar ruwa da man shafawa: wata 6 zuwa 12.
iii. Jambaki: shekara 1 zuwa 2.
iv. Busasshiyar hoda: shekara 2.

A jikin wasu kwalabe akwai hoton buɗaɗɗen gwangwani da rubutun 6M ko 12M, wato adadin watannin amfani bayan buɗewa. Haka nan a duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda kayan kwalliya suke ƙarƙashin kulawarta. Ko wa'adi bai cika ba, duk abin da ya sauya launi ko wari, ko ya tsinke, a zubar da shi. Maskarar da ta bushe kada a farfaɗo da ita da ruwa ko yawu. Wadda ta yi ciwon ido kuma, ta rabu da duk kayan idon da ta taɓa a lokacin ciwon.

5.0 Kammalawa

Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Malamin da zai koyar da ado da kwalliya a darasin al'ada yana da damar haɗa shi da kiwon lafiya, domin ɗalibansa su ne amaren gobe da masu haɗa lefe.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da ke sa kayan kwalliya su lalace.
2. Ta yaya matsalar kwalli ta bambanta da ta maskara?