Jinyar Al'umma da Adalci a Rabon Kiwon Lafiya

Aikin jinya ya kasu gida biyu, ko da yake jama'a sun fi sanin guda. Akwai jinyar asibiti, wadda ake yi wa wanda ciwo ya riga ya kayar aka ba shi gado, akwai kuma jinyar al'umma, wato aikin ma'aikaciyar jinyar da aka ɗora wa nauyin lafiyar mutanen wata unguwa ko wani ƙauye baki ɗaya, masu ciwo da lafiyayyu. Irin wannan nas takan san adadin masu juna biyu a yankinta da waɗanda ba su fara zuwa awo ba, takan san yaran da allurar rigakafi ta wuce su, da rijiyar da ake zargi duk lokacin da amai da gudawa suka ɓarke, da gidan da tamowa ta fara cin yaro tun iyayensa ba su farga ba. Aikinta shi ne ginshiƙin abin da masana ke kira kiwon lafiyar jama'a, ma'ana matakan da hukuma da al'umma ke ɗauka tare domin tare cuta tun kafin ta auku da kuma tsawaita rayuwar mutane.

Tushen aikin

Wannan fanni ya samo siffarsa ta zamani a ƙarni na 19, lokacin da biranen Turai suka cika da ma'aikatan masana'antu masu zama a cunkushe cikin ƙazanta. A shekarar 1854 annobar kwalara ta faɗa wa unguwar Soho a birnin Landan, sai wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamata yana tambayar inda suke ɗibar ruwa, har ya gano cewa mafi yawansu daga famfo guda suke sha, aka kuwa cire mariƙin famfon bisa shawararsa. Abin da aka koya daga nan shi ne cewa cutar da ke kama mutane da yawa a lokaci guda tana da mafari a muhallinsu, kuma sai an shiga cikinsu an yi bincike ake gano shi.

Shekara biyar bayan haka, wani attajirin birnin Liverpool mai suna William Rathbone ya ɗauki nas ɗin da ta yi jinyar matarsa, ya riƙa biyan ta domin ta duba talakawa a gidajensu, daga baya kuma, bisa shawarar shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale, aka buɗe makarantar horar da irinta aka raba birnin gunduma-gunduma. A Amurka kuwa, wata nas mai suna Lillian Wald ta tare a unguwar baƙin haure matalauta ta birnin New York a 1893, inda ta nuna cewa nas ɗin da ke kwana cikin mutanen da take yi wa hidima ta fi kowa sanin yadda yunwa da cunkoso da rashin aikin yi ke haifar da ciwo. A ƙasar Hausa ma dattawa na tuna zamanin dubagari, ma'aikacin da ke shiga gidaje yana duba randa da masai da kwata, wanda aikinsa reshe ne na wannan tunani.

Ma'anar adalci a sha'anin lafiya

A shekarar 1971 wani likita da ke aiki cikin masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya bayyana wata ƙa'ida da har yau ba ta tsufa ba, cewa kyakkyawar kulawar likita ta fi ƙaranci a wuraren da aka fi buƙatarta. Ƙwararru da kayan aiki sukan taru a manyan birane inda ake da kuɗi da hanya da lantarki, alhali mutanen karkara, waɗanda zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da doguwar naƙuda suka fi yi wa ɓarna, su ne ke da nisa da asibiti.

Daga nan ne masana suka bambanta rabon daidai-wa-daida da rabon adalci. Rabon daidai-wa-daida shi ne a bai wa kowace gunduma abu iri ɗaya, rabon adalci kuwa shi ne a duba buƙata, a ƙara wa wanda aka bari a baya har ya kamo saura. Bambancin lafiya tsakanin tsoho da matashi abu ne na halitta, amma idan mace ta rasu wajen haihuwa saboda ƙauyensu ba shi da hanyar mota, ko saboda mijinta ba shi da kuɗin jini, wannan bambanci ne da mutane suka haddasa, kuma mutane na iya kawar da shi. Wannan fahimta ce ta sa ƙasashe 134 suka hallara a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet a watan Satumban 1978, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, wato kulawa mai sauƙin kuɗi da ke kusa da gidajen jama'a kuma da sa hannunsu, shi ne hanyar isar da lafiya ga kowa.

Gwajin Navrongo

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan amfanin jinyar al'umma ta fito ne daga arewacin Ghana, a gundumar Kassena-Nankana da ke iyaka da Burkina Faso. A farkon shekarun 1990 yankin na fama da talauci da yawan mutuwar yara, duk da cewa gwamnati ta horar da ma'aikatan jinyar al'umma, domin an ajiye su a ɗakunan shan magani masu nisa da gidajen jama'a, inda suke wuni ba tare da masu zuwa da yawa ba. A 1994 Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo ta fara tuntuɓar sarakuna da dattawa da ƙungiyoyin mata a kan irin hidimar da suke so, sannan aka raba gundumar kashi huɗu domin gwaji. A kashi ɗaya an mayar da ma'aikatan jinya cikin ƙauyuka, a na biyu an dogara da 'yan sa-kai da taron gari, a na uku an haɗa duka biyun, na huɗu kuma aka bar shi yadda yake domin a sami abin kwatantawa.

Mutanen ƙauyukan da kansu suka gina wa kowace nas masauki wanda ke zama ɗakin magani kuma, hukuma ta ba ta babur da magunguna, ita kuma ta riƙa zagaya gidaje tana rigakafi, tana maganin zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari, tana ba da shawara kan tazarar haihuwa, tana tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinta zuwa babban asibiti. Cikin shekara uku mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan rabi a wuraren da aka zaunar da ma'aikatan jinya, alhali inda aka dogara da 'yan sa-kai kaɗai ba a ga irin wannan sauƙi ba. Bayan an sake gwada tsarin a gundumar Nkwanta ya yi nasara, gwamnatin Ghana ta mayar da shi manufar ƙasa a 1999. Abin lura shi ne ba wani sabon magani aka ƙirƙiro a Navrongo ba, magungunan da aka sani ne aka kai ƙofar gida a hannun ma'aikaciya mai horo wadda jama'a suka amince da ita.

Inda Nijeriya ta tsaya

Nijeriya ta rungumi manufar Alma-Ata sosai a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shekarar da aka kafa hukumar raya kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta tanadi cewa a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kulawa ta matakin farko. Sai dai doka a takarda daban, asibitin sha-ka-tafi da ke buɗe da tsakar dare daban. Ma'aikaciyar da aka tura ƙauye ba tare da masauki ko ruwa ko tsaro ba, takan koma gari da zama ta riƙa zuwa jefi-jefi, naƙuda kuwa ba ta zaɓar lokaci.

A arewacin ƙasar akwai wani dalili na musamman da ke ƙara wa nas mace muhimmanci, domin a gidajen da ake kulle ita ce ke iya shiga har ɗaka ta duba mai ciki, ta lura da kumburin ƙafa da hawan jini kafin su kai ga jijjiga, ta kuma yi aiki tare da ungozoma maimakon ta raina ta. Yaƙi da shan inna ya tabbatar da wannan, domin bayan tsaikon da aka samu a wasu jihohin arewa a 2003 saboda rashin yarda da allurar, sai da sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida suka shiga aikin kafin a kai ga nasarar da aka ayyana a watan Agustan 2020.

Saboda haka, duk hukumar da ke nufin rage mutuwar mata da yara da gaske, wajibi ne ta ɗauki 'yan matan karkara ta horar da su aikin jinya da ungozomanci domin su koma garuruwansu, ta gina musu masauki kusa da ɗakin magani, ta biya su a kan kari, ta kuma fara rabon ma'aikata da magunguna daga mazaɓun da suka fi nisa da talauci. Su ma masu unguwanni da dagatai da limamai suna da hakkin bin sawun abin da aka ware wa yankinsu, domin lafiyar talakan da ke can ƙarshen hanya amana ce a wuyan shugabanni da al'umma gaba ɗaya.